Abin da Ɗalibin Hausa Zai Fara Sa wa Sabuwar Wayarsa: Tsokaci Daga Briqueterie

Idan ɗalibi ya sayi sabuwar waya, tambayar da yakan fara yi wa abokansa ita ce wace manhaja ce ta fi tarin waƙoƙi, wacce ce kuma ba ta shan data. Tambaya ce mai ma'ana, kuma zan taɓo amsarta a gaba. Sai dai a ganina, ga ɗalibin Hausa da ke zaune a unguwa irin Briqueterie ta birnin Yawunde, ba ita ce ta farko ba. Waƙa za ta zo masa ko ya nema ko bai nema ba: abokai za su turo, 'yan uwa za su turo, wayar ma da kanta za ta yi ta miƙo masa. Abin da ba zai zo ba sai ya tashi ya nema shi ne hanyar rubuta abin da kunnensa yake ji. A nan ne giɓin yake, kuma da shi ya kamata a fara.

Domin wanda bai san wurin ba, Briqueterie tsohuwar unguwa ce a tsakiyar babban birnin Kamaru, a gunduma ta biyu ta Yawunde, maƙwabciyar Tsinga da kasuwar Mokolo. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin yin bulo, ya kuma samo asali daga masana'antar bulo da aka taɓa yi a wurin. Mutanen gari kan gajarta shi su ce “La Brique”, wasu kuma su ce unguwar Hausawa kai tsaye, ko da yake akwai Fulani da Barebari da Bamun da mutanen Mali da Senegal da Nijar a cikinta. Fatake Hausawa sun sauka Yawunde tun zamanin mulkin Jamus, zuriyarsu kuma na nan har yau. An san unguwar da babban masallacinta, da shagunan yadi da teloli, da kuma tsire, wanda a nan ake kira soya, wanda ke jawo mutane daga kowane sashe na birnin da zarar rana ta faɗi.

Yaron da ya tashi a nan yakan tashi da harsuna da yawa, kowanne da muhallinsa. Faransanci ne harshen aji da ofis da takarda, ko Ingilishi ga wanda aka kai makarantar Ingilishi, domin su biyun ne harsunan hukuma a tsarin mulkin ƙasar na 1996. Larabci na allo da masallaci. Fulatanci na hulɗa da mutanen arewacin ƙasar, Ewondo kuma harshen 'yan asalin garin. Hausa ita ce ta tsakar gida da shago da majalisa, wato harshen baki da kunne. Ɗan Kano ko ɗan Zariya yana ganin Hausa a rubuce a littafin firamare da allon talla da bayan mota. Ɗan Briqueterie kuwa yana iya kai shekara ashirin yana magana da ita kullum ba tare da an taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake rubuta ta ba. Saboda haka nauyin da waƙa take ɗauka a nan ya fi wanda take ɗauka a ƙasar Hausa. A can nishaɗi ce a kan abin da makaranta da titi suka riga suka bayar. A nan kuwa, sau da yawa ita ce babbar kafar da Hausar waje take shigowa gida.

Ba yau aka fara ba. Iyayenmu sun kama Rediyo Kaduna da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, a kan gajeren zango, suna juya eriya suna neman inda ƙara ta yi sauƙi. Daga baya kaset ya zo cikin kayan 'yan kasuwa, ya ƙetaro iyaka ya biyo ta Marwa ko Garwa, ya hau jirgin ƙasa a Ngaundare ya kwana a hanya ya wayi gari a Yawunde. Bayansa faifan bidiyo na finafinan Kano, waɗanda kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar rarraba su, sai katin memori da ake kai wa masu tura waƙa su cika shi, sai Bluetooth da Xender. A duk waɗannan matakai akwai abu guda da bai sauya ba: mutum ne yake zaɓa wa mutum. Mai sayar da kaset ya san abin da ya ɗauko, tela ya san abin da zai kunna a shagonsa, kuma duk wanda ke zaune a wurin zai ji, yaro da babba. Yaron da bai taɓa nufin sauraron Mamman Shata ba ya haddace rabin waƙoƙinsa domin kawai shekara uku ya yi yana koyon ɗinki a gaban mai gidan da ba ya jin kowa sai Shata. In ya ji kalmar da ta shige masa duhu, ga dattijo nan a gefe da zai tambaya.

Wayar zamani ta rushe wannan zama ta fuska biyu. Ta farko, ta mayar da sauraro abin kaɗaici: kowa da abin sa wa a kunnensa, uba bai san abin da ɗansa ke ji ba, ɗa kuma ba ya jin abin da uba ke ji. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, zaɓi ya bar hannun mutum ya koma hannun manhaja. TikTok da YouTube da Boomplay duk suna lura da abin da ka tsaya a kansa, su ƙara kawo maka irinsa. Ba mugunta ba ce, sana'arsu ke nan, domin ribarsu tana ga daɗewarka a ciki. Amma sakamakon ga mai koyon harshe a fili yake: in ka fara da waƙar soyayya ta minti huɗu, da wuya lissafin manhaja ya taɓa kai ka ga Narambaɗa, sai dai ya kai ka ga wata waƙar soyayyar, daga nan ya kai ka ga guntunta na daƙiƙa talatin da ake rawa da shi.

Ba na cikin masu yi wa waƙoƙin zamani kuɗin goro su ce duk shirme ne. Wanda ya ga yadda “Jaruma” ta Hamisu Breaker ta karaɗe gidajen Hausawa a 2020, lokacin kullen korona, daga Kano har Yamai har Yawunde, ya san cewa waɗannan waƙoƙi sun yi aikin da babu wata hukumar raya harshe da ta iya yi. Yarinyar da Faransanci ya fara rinjayar bakinta ta dawo tana rera baitocin Hausa sumul, ba ta tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Fati Nijar sun riƙe wa dubban yara harshensu a garuruwan da ba a koyar da shi. Akwai ma wani abu da ɗalibin adabi ya kamata ya lura da shi: waɗannan waƙoƙi na situdiyo, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu manazarta suke kira nanaye, ta fuskar tsari sun fi kusa da rubutacciyar waƙa fiye da waƙar makaɗan baka. Suna da baitoci masu layuka daidaitattu, suna kuma kiyaye amsa-amo a ƙarshen layi, abin da makaɗan fada ba su ɗaure kansu da shi ba. Wanda ya saurari Aminu Ala da kunnen nazari zai ga jikan su Aƙilu Aliyu ne ya shiga situdiyo, fiyano kawai aka ƙara masa.

Matsalar ita ce ƙuncin fili. Ɗauki waƙoƙin soyayya ashirin da suka yi tashe a 'yan shekarun nan ka rubuta sunayen abubuwan da ke cikinsu. Za ka tarar da zuciya, ƙauna, hawaye, rabuwa, alkawari, maƙiya, muradi, sai su sake dawowa. Ba za ka ji sunan kayan doki ba, ko sassan gona, ko matakan sarauta, ko kalmomin fatauci waɗanda su ne suka kawo kakannin mutanen Briqueterie inda suke. Buƙatar amsa-amo kuma takan sa mawaƙi ya ja ƙarshen kalma ko ya juya jimla ta hanyar da ba a magana da ita, na'urar gyaran murya ta zo ta shafe sauran bambancin. Ɗan Kano ya san wannan lanƙwasar waƙa ce, domin yana jin daidai ɗin a titi. Wanda waƙar ce makarantarsa yana iya ɗaukar lanƙwasar a matsayin ƙa'ida.

To ai tsofaffin waƙoƙin suna nan, in ji wani. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce babbar kyautar da waya ta yi mana. Abin da a da sai ka yi tafiya zuwa ɗakin adana faifai na gidan rediyo kafin ka ji, yau masu sha'awa sun ɗora shi a YouTube: kotson Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, taushin Salihu Jankiɗi, kalangun Shata da na Ɗan Anace mawaƙin 'yan dambe, kuntigin Ɗan Maraya Jos, gurmin Haruna Uji, ƙwaryar Barmani Coge. Babu wani zamani da ɗalibin Hausa ya taɓa samun wannan dukiya a aljihunsa. Sai dai ƙofar ɗakin a kulle take, mabuɗinta kuma rubutu ne. Manhaja ba za ta kawo maka su ba, dole ka rubuta sunansu, kuma dole ka rubuta shi yadda wanda ya ɗora ya rubuta.

A nan ne tarbiyyar makarantar Faransanci take yi wa ɗan Briqueterie tarnaƙi. Hannunsa ya saba da “ou” a wurin u, da “ch” a wurin sh, da “tch” a wurin c, da “dj” a wurin j. Haka aka rubuta sunansa a takardar haihuwa: Ousmanou, Aboubakar, Aïchatou, Djibrilla. Idan ya zo neman waƙa sai ya rubuta Chata maimakon Shata, Djarouma maimakon Jaruma, haoussa maimakon Hausa, ya sami abu kaɗan ko ya sami wani abu dabam, ya ɗauka babu. A ɗaya gefen kuma matasan Najeriya masu ɗora waƙoƙin suna da tasu ɓarnar: q a wurin ƙ, x a wurin z, h a ƙarshen kowace gajeriyar kalma, har ka ga an rubuta “xuciya nah”. Sunan Ɗanƙwairo kaɗai ana samunsa da rubutu iri uku ko huɗu. Wanda ya san daidaitacciyar ƙa'ida yana iya hasashen duk waɗannan karkace-karkace ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, da ƙugiya da babu ƙugiya, a haɗe da a rabe. Wanda bai san ta ba kuwa ba shi da inda zai tsaya ya fara.

Shi ya sa nake cewa abin farko shi ne allon rubutu. Yawancin wayoyin da ake saya a nan, Tecno da Itel da Infinix, ko sababbi ko na hannu da ake cinikinsu a Avenue Kennedy, suna zuwa ne a saite da Faransanci, mai gyaran rubutun cikinsu kuma yana mayar da kowace kalmar Hausa wata kalmar Faransanci da ta yi kama da ita. Gboard da SwiftKey duka suna da Hausa, kyauta ne, kuma ƙara ta aikin minti biyu ne a sashen harsuna, ba tare da an cire Faransancin ba. Da zarar an ƙara ta, dogon danni a kan b da d da k zai fito da ɓ da ɗ da ƙ. Kada wanda ya raina wannan. Tsakanin kura da ƙura, ko kaya da ƙaya, ko bata da ɓata, ƙugiyar nan ce kaɗai shamaki. Game da baƙi na huɗu, a Najeriya ana rubuta 'y, a Nijar kuma ƴ, duka biyun karɓaɓɓu ne, abin da ake so shi ne mutum ya riƙi ɗaya. Ɗalibin Kamaru ma yana da wata riba da na Najeriya ba shi da ita: ɓ da ɗ da ƴ duk suna cikin rubutun Fulatanci, suna kuma cikin tsarin baƙaƙen bai ɗaya na harsunan Kamaru da aka amince da shi a 1979, wanda Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka tsara. Wanda ya taɓa ganin Fulatanci a rubuce, ƙ kaɗai ce baƙuwarsa.

Bayan allon rubutu sai ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda har yau babu wanda ya kai shi yalwar tsofaffin kalmomi da na karuruwan harshe, an ɗora shi a intanet ana bincika shi kyauta, sai a ajiye shafinsa a fuskar waya kamar manhaja. Fassararsa da Ingilishi ce, wannan kuwa cikas ne ga wanda ya yi karatun Faransanci, shi sai ya nemi na Bernard Caron da Ahmed Amfani na 1997, mai Faransanci da Hausa. Wanda ya sami Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mai bayanin Hausa da Hausa, ya riƙe shi da kyau. Google Translate ya ƙara Hausa tun 2013, yana kuma da amfani wajen labarai da saƙonnin yau da kullum. Amma kada a ba shi waƙa. Zambo da habaici da kirari ba su da ma'ana a saman kalma, shi kuwa saman kalma yake gani, kuma ba ya taɓa nuna alamar shakka: yadda zai ba ka daidai haka zai ba ka kuskure, da murya ɗaya.

Yanzu sai ainihin aikin, wanda shi ne dalilin duk wannan shiri. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, alhali wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayan. Kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta wahala da wuya na jiki, sautin murya ne ya raba su. Ɗalibin da ya koyi Hausa daga littafi a Turai wannan ne ke ba shi wahala shekara da shekaru. Ɗan Briqueterie kuwa yana da shi a kunne tun yana goye, abin da ya rage masa shi ne ya san cewa yana da shi. Waƙar gargajiya ita ce mafi kyawun wurin gano wannan, domin an gina ma'auninta ne a kan nauyin gaɓa. Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya shafe shekaru yana nuna yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi suke rabon lokaci a bakin mai rerawa, mai nauyi tana cin kusan ninkin abin da marar nauyi take ci. Wato mawaƙin kirki yana faɗa maka tsawon kowane wasali, in ka iya sauraro.

Hanyar da nake ba ɗalibai ita ce a sauke waƙa guda ɗaya, ba goma ba, a buɗe ta da VLC. Wannan manhaja kyauta ce, ba ta da talla, ba ta buƙatar data, kuma tana da abubuwa biyu da suka fi duk wani ado amfani: tana rage saurin sauti ba tare da murya ta lalace ba, tana kuma maimaita yanki ɗaya tsakanin alamomi biyu har sai ka ce ya isa. A fara da gindin waƙa, wanda 'yan amshi ke maimaitawa, a rubuta shi. Sai a ɗauki ɗa guda, a rubuta abin da aka ji, a bar fili inda ba a ji ba. Minti biyu na waƙar Narambaɗa yana iya cin yammaci guda, kuma bai yi tsada ba. Daga nan a ɗauki takardar a kai wa wani dattijo a unguwa, a kunna masa, a tambaye shi wuraren da aka bari. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ke mayar da abin da waya ta raba: saurayi ya zo da waƙar da tsoho ya yi shekara talatin bai ji ba, tsoho kuma ya buɗe masa kalmar da babu ita a manhaja. Wanda yake son sunayen sassan waƙa da hanyar nazarinta, turke da zubi da salo, ya nemi Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau.

Wanda ya yi wannan da makaɗan Sakkwato da Zamfara zai ci karo da abin da zai ɗauka kuskure ne, alhali karin harshe ne. Zai ji sunka da munka da anka inda Bakano zai ce suka da muka da aka. Zai ji shina a wurin yana, zai ji ana ninka baƙi inda daidaitacciyar Hausa take sa r, kamar rigas sarki a maimakon rigar sarki, zai ji ɗiya ana nufin 'ya'ya. A rubuta yadda aka ji, kada a gyara wa mawaƙi bakinsa. Darasin karin harshe da ake yi a aji da alli a sa'a biyu, kunne yana kama shi a waƙa ɗaya, ba ya kuma mantawa.

Game da manhajojin waƙar kansu, maganar ba ta da tsawo. Boomplay yakan zo a cikin wayoyin Tecno da 'yan uwansu tun daga kamfani, domin gida ɗaya suka fito. Shi da Audiomack duk suna barin a ajiye waƙa a saurara ba tare da data ba, kuma sababbin mawaƙan Hausa suna da yawa a cikinsu. Spotify ya iso Kamaru a 2021, yana da tsari da tsabtar sauti, amma ba can ake neman makaɗan fada ba. Ga tsofaffin waƙoƙi babu kamar YouTube, duk da cin datarsa, sai a rage ingancin hoto zuwa mafi ƙanƙanta tunda murya ake nema. Shazam, mai gane waƙa daga sautinta, yana aiki a kan bikutsi da makosa da waƙoƙin Legas, amma in ka kunna masa tsohon faifan kalangu sau da yawa shiru zai yi. Ɗaya daga cikin na farkon ya isa, tare da YouTube. Tara biyar cika waya ne kawai. Manhajojin caca da na bashi da suke biyo talla a tsakanin waƙoƙi kuwa, ba sai na ce komai ba.

Na san akwai ɗaliban da ba sa sauraron kiɗa saboda dalilin addini, kuma a unguwa irin wannan ba kaɗan ba ne. Babu abin da ya rage musu daga abin da na faɗa. Rubutattun waƙoƙi irin Imfiraji ta Aliyu Namangi ana rera su ba kiɗa, ma'auninsu ma ya fi fitowa sarari. Karatun tafsiri na malaman ƙasar Hausa, wanda a watan azumi yake fita daga kusan kowane shago a Briqueterie, taska ce ta Hausar bayani da hujja, kuma ya cancanci a rubuta shi kamar yadda ake rubuta waƙa. Haka labaran BBC da DW da RFI, wanda ya buɗe sashen Hausa a 2007. Da manhajar Radio Garden kuma ana kama tashoshi da dama na ƙasar Hausa kai tsaye, a ji yadda ake muhawara da talla da sanarwar ɗaurin aure. Shirye-shiryen da masu sauraro ke bugo waya, irin na Freedom Radio ta Kano, sun fi labarai amfani ga mai son jin harshe yadda yake a bakin mutane, domin mai karanta labarai fassara yake karantawa, mai bugo waya kuwa ransa ne ya ɓaci.

Akwai wani abu da ke damuna a cikin duk wannan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Duk abin da na lissafa daga waje yake shigowa. Kano ce ke rera waƙa, Kano ce ke yin fim, Arewa24 daga can take watsa shirye-shiryenta tun 2014, Briqueterie kuma tana saurare. Sannu a hankali yara suna ɗaukar cewa Hausar fim ita ce Hausa, ta gidansu kuma gurɓatacciya ce, saboda tana da kalmomin Faransanci da na Fulatanci. Wannan kuskuren fahimta ne. Wanda ya ce rezo don ya zauna a ƙasar Faransanci bai fi wanda ya ce sabis laifi ba, kowa maƙwabcinsa ya ara. Hausar da ta yi sama da shekara ɗari a tsakiyar kurmi, tana gogayya da Ewondo da Fulatanci da Faransanci, ba ta mutu ba, abin nazari ce a karan kanta: me ta riƙe wanda Kano ta yar, me ta sauya, yaya take yi da jinsin namiji da mace, waɗanne kalmomin fatauci ne suka rage a bakin tsofaffi. Ɗalibi ya koyi daidaitacciyar Hausa don rubutu da jarrabawa, wannan wajibi ne. Amma koyon ta ba ya nufin jin kunyar ta gida.

Wasu ma sun riga mu ganin darajarta. A 2012 masu bincike na Cibiyar Fasaha ta Karlsruhe a Jamus suka wallafa aiki a kan koya wa kwamfuta gane maganar Hausa, kuma muryoyin mutum sama da ɗari da suka yi aiki da su a Kamaru aka naɗi akasarinsu, a Marwa da Ngaundare da Bafusam da Duwala da Yawunde. Wato ɗaya daga cikin ayyukan farko na irin wannan fasaha a kan harshenmu, da bakin Hausawan Kamaru aka yi shi. A yau shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk wanda ya so bayarwa, ta waya, kuma idan mutanen wuri ɗaya ne kaɗai suka bayar, na'urorin gobe bakin wuri ɗaya za su riƙa ganewa.

Saboda haka manhaja ta ƙarshe da zan ambata tana cikin wayar tun daga kanti, ba a sauke ta, kuma ita ce aka fi mantawa da ita: mai naɗar murya. A Briqueterie akwai tsofaffin mata da suka san waƙoƙin daka da na reno da na kamun amarya waɗanda babu su a YouTube, akwai maroƙa da masu kirarin biki, akwai mahauta da teloli da suka san sunan kowane yanki na nama da kowane irin ɗinki, akwai dattawan da za su iya faɗa maka ta wace hanya kakansu ya biyo, daga wane gari, da wane kaya. A nemi izini tukuna, a bayyana abin da za a yi da muryar, wanda ya ƙi a ƙyale shi, kada kuma a watsa muryar matar aure ko tsohuwa a TikTok don neman mabiya. A zauna nesa da titi saboda ƙarar babura, a ajiye wayar a kan tabarma ko matashi kusa da mai magana maimakon riƙe ta a hannu. Kada a naɗa ta saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti, kuma yakan ɓace ranar da aka sauya waya. A sa wa kowane naɗi suna mai ɗauke da kwanan wata da wuri da abin da ke ciki, a kwafe shi a katin memori ko kwamfuta a ranar, sannan a zauna a rubuta shi da ƙugiyoyinsa kafin mako ya zagayo, tun mai maganar yana kusa ana iya komawa a tambaye shi.